Taron dangi: inda kowane labarin Shogun 2 ke karyewa

Ƙarfe ɗayan dare ya gota, kwamfuta na kan cinyata, a cikin wasan yaƙi na Shogun 2 kuma ana kakar shekarar 1563. Gidan Shimazu nake riƙe da shi. Tsibirin Kyushu kaf yana hannuna, na haye Honshu na lashe yammacinsa, baitulmali ya cika, ina da ƙawance da gidaje uku, ɗaya ma surukina ne, don 'yarsa ce matar magajina. Sai na hango wani ɗan lardi a gefen hanya, babu masu gadi sai tsirarun dakaru. Na ce wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe. Na aika runduna ta kama shi ba tare da ko gumi ba.

Nan take aka katse ni da wani ɗan majigi: shogun da ke Kyoto, wato shugaban mulkin soja na Japan, ya shelanta cewa ni maƙiyin ƙasa ne, duk mai takobi ya zare. Cikin juyi kaɗan gidajen da muke cinikayya da su suka bi layi suna aiko da takardar yaƙi. Kuɗin shigata ya rufta. Jiragen ruwa suka sauke runduna a bayan gidana, a Hyuga, inda rabona da ajiye soja tun shekara goma. Surukin nan ya ɗan yi kara, ya jira shekara biyu, sannan shi ma ya shigo da nasa masun.

Duk wanda ya buga Total War: Shogun 2 yana da irin wannan labari. Ka zauna da mutum uku da suka taɓa wasan, kowa zai faro nasa daga wani lungu daban na Japan, da wata wahala daban, amma kafin a tashi za ka ji duk sun haɗu a wannan dare. Wasan yana kiran abin Realm Divide, wato rabuwar ƙasa. Mu dai sunansa a wurinmu taron dangi.

Ga wanda bai san wasan ba, kamfanin Creative Assembly na Ingila ne ya ƙera shi, Sega ta fitar da shi a watan Maris na 2011, shekara goma sha ɗaya bayan Shogun na farko da ya kafa jerin Total War a 2000. Ana farawa a shekarar 1545, tsakiyar zamanin da Japanawa ke kira Sengoku, lokacin da ikon gidan Ashikaga, masu riƙe da kujerar shogun, ya zama na suna kawai tun bayan yaƙin Onin na 1467 zuwa 1477, kowane mai lardi ya zama sarkin kansa. Irin waɗannan sarakuna su ake kira daimyo, kai ma ɗayansu ne. Wasan hawa biyu ne. Akwai taswira mai larduna sama da sittin inda kake gini, kake tara haraji, kake aika jakadu, kowane juyi kashi ɗaya ne cikin huɗu na shekara. Sannan akwai filin daga, inda kake jan ragamar rukunin mayaƙa har ashirin kai tsaye, kana ganin ƙura da dusar ƙanƙara. A dogon wasa ana so ka mallaki larduna arba'in, ciki har da Kyoto, kafin ƙarewar shekarar 1600.

Farkon tafiya shi ne inda labarai suka fi bambanta, kuma taswira ce ke raba su fiye da baiwar da aka ba kowane gida. Mai Shimazu yana can ƙuryar kudu a Satsuma, teku a bayansa, abokin gaba ɗaya a gabansa, wato gidan Ito. Mai Chosokabe yana Tosa a tsibirin Shikoku, da maharba masu kyau da gonaki masu albarka, ba mai isa tsibirin sai ya ƙetare ruwa. Waɗannan biyu ake ba sabon shiga, kuma labarinsu na shekara goman farko kusan ɗaya ne: na ci maƙwabcina, na ci na gaba da shi, na gyara gona.

Mai Oda kuwa ba ya samun wannan hutu. Yana buɗe ido a Owari da 'yan tawaye a cikin gidansa, Saito a arewa, Tokugawa da ubangidansu Imagawa a gabas, kowa na wasa wuƙa. Wanda ke kan gadon a 1545 Oda Nobuhide ne, mahaifin shahararren jagoran yaƙi Oda Nobunaga. Abin da aka ba gidan shi ne ashigaru masu araha da ƙarin juriya. Ashigaru talakawa ne, manoma da aka miƙa wa mashi ko baka, kuma a takarda su ne ƙasan kowa. Amma suna da wani tsayi da ake kira katangar masu, inda suke matsewa kafaɗa da kafaɗa su miƙa tsini gaba. Na taɓa tsayar da rukuni huɗu a kan wani ɗan tudu, janar a bayansu yana ƙarfafa musu gwiwa, na zuba ido barade masu tsada suka zo suka soke kansu ɗaya bayan ɗaya. Da kuɗin samurai ɗaya kana iya ciyar da ashigaru fiye da ɗaya, kuma kowane ƙaramin birni yana iya fitar da su ba sai an gina makarantar takobi ba. Shi ya sa tsofaffin hannu da yawa ke cewa Oda ne gida mafi ƙarfi a wasan, in dai ka tsallake juyi goman farko da ranka.

Tokugawa sun fi kowa ban tausayi. Suna farawa ne a matsayin waɗanda suka yi wa Imagawa caffa, suna biyan wani kaso na kuɗin shigarsu, kuma in suka juya wa ubangidan baya da kansu mutuncin daimyo ɗinsu ya zube. Wannan ya yi daidai da tarihi, domin Ieyasu, magajin gidan, wanda aka haifa a 1543, ya yi ƙuruciyarsa a matsayin garkuwa, da farko a hannun Oda, daga baya a hannun Imagawa. Sunan Tokugawa ma sai fiye da shekara ashirin bayan 1545 ya ɗauke shi, a lokacin sunan gidan Matsudaira ne, wasan ne ya sauƙaƙa. Takeda na Kai da dawakansu, Uesugi na Echigo da sufayen yaƙinsu, Mori da jiragensu, Hojo da ganuwarsu, Date can arewa da dogayen takubba, kowa da abin da yake taƙama da shi.

To me ya sa duk waɗannan hanyoyi ke ɓullewa rami ɗaya?

Sai an fara duba aljihu. Kuɗin wasan sunansa koku, wanda a asali mudun shinkafa ne, kimanin lita 180, abin da ake ƙiyasin zai ci da mutum ɗaya shekara. Koku na shigowa ta hanya biyu. Akwai harajin larduna, wanda yake tafiya a hankali kuma yana ɗaure da abinci: gona tana samar da abinci, amma duk lokacin da ka faɗaɗa birni ko ka ɗaga kasuwa, sai sun ci daga rumbun. Ka cika gina manyan ganuwa, yunwa ta shigo, tawaye ya biyo baya. Hanya ta biyu ita ce ciniki. A gefen taswira akwai wasu matsayai a teku inda kake ajiye jiragen fatauci su ɗebo siliki, turare, auduga, dawakin yaƙi ko ƙarfe, kuma yawancinsu suna kusa da Kyushu. Amma hajar ba ta zama kuɗin kirki sai kana da waɗanda za ka sayar wa, wato gidajen da kuka ƙulla yarjejeniya. Mai Shimazu ko Mori da ya iya allonsa yakan wayi gari babban kaso na kuɗinsa daga nan yake fitowa. Da wannan kuɗi yake ɗaukar samurai masu tsadar albashi, ya cika runduna uku ko huɗu, ya ji duniya ta yi daɗi.

A lokaci guda akwai wani ma'auni a shafin gidanka, na shahara. Duk lardin da ka ci, duk babbar nasarar da ka samu, yana ɗan matsawa. Sabon ɗan wasa ba ya ko kallonsa, ko kuma ya ɗauka abin alfahari ne. Ranar da ya cika, ranar ce shogun ke yin shela, kuma kama Kyoto ma yana jawo rabuwar ƙasar ko da bai cika ba. Daga nan ana ɗora maka wani baƙin jini a idon kowane gida, kuma yana ƙaruwa da kowane juyi. Wanda dama ba ya ƙaunarka zai zare takobi nan take. Aminin da kuka daɗe, wanda kuka haɗa aure, ka ba shi kyauta, ka aika masa ɗanka garkuwa, zai ɗan jima, amma lissafi ne kawai: alherinka yana tsaye, ƙiyayyar tana hawa, wata rana sai ta rinjaya.

Abin da mutane ba sa ganewa sai ya same su shi ne, ba rundunonin ne ke fara kashe ka ba. Duk wanda ya shelanta maka yaƙi, yarjejeniyar cinikinku ta mutu a take. Silikinka yana nan jibge a tashar ruwa, babu mai saye. Albashin samurai kuwa ba ya jira. A wancan daren nawa, kafin wata babbar runduna ta iso bakin iyakata na riga na fara sallamar mayaƙan da na yi shekaru ina horarwa, don na kasa biyansu. Na ɗaga haraji, lardunan da ban daɗe da ci ba suka ɗauki zafi, sai ga tutar 'yan tawaye a wurare biyu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nawa ta wajen baitulmali ya tsage.

Dalilin saka wannan tarko ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya buga wasannin dabarun yaƙi. Dukkansu suna da cuta ɗaya: farko da wuya, tsakiya da daɗi, ƙarshe kuma aikin gayya. Da zarar ka fi kowa girma, sauran wasan share fage ne kawai, kana bin ƙananan gidaje ɗaya bayan ɗaya alhali kowa ya san yadda za ta ƙare. Mutane da yawa a nan suke ajiye wasa su fara sabo. Taron dangi magani ne ga wannan. Yana ɗaukar lokacin da ya kamata ka fara hamma ya mayar da shi mafi haɗari a duk tafiyar. Ta wannan fuska ya yi aikinsa, don ban taɓa jin wanda ya ce ya yi gyangyaɗi a shekarun da suka biyo bayan shelar shogun ba.

Kuma abin yana da tushe a tarihi. A 1560 Oda Nobunaga ya kashe Imagawa Yoshimoto a Okehazama da runduna da ba ta kai ta abokin gabarsa ba ko kusa. A 1568 ya shiga Kyoto ya ɗora Ashikaga Yoshiaki a kujerar shogun. Ba a jima ba Yoshiaki ya gane cewa shi hoto ne kawai, sai ya koma rubuta wasiƙu a asirce zuwa ga manyan gidaje yana zuga su. Asakura na Echizen, Azai na Omi, Takeda Shingen, mabiya ɗariƙar Buda ta Ikko na haikalin Ishiyama Honganji, daga baya Mori da Uesugi, duk sun shiga sahun a lokuta daban-daban. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma kowannensu ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa. Har surukin ma akwai shi: Azai Nagamasa yana auren Oichi, ƙanwar Nobunaga, amma a 1570, lokacin da Nobunaga ya shiga ƙasar Asakura, Nagamasa ya taso masa ta baya, da ƙyar ya tsira zuwa Kyoto. Da na karanta wannan sai na daina jin haushin nawa surukin sosai.

Sai dai daga nan wasa da tarihi suka raba hanya, kuma a nan ne masu sukar taron dangi suke da gaskiya. Ƙawancen da aka yi wa Nobunaga bai taɓa tafiya da ƙafa ɗaya ba. A ƙarshen 1572, daidai lokacin da Shingen ya taso daga gabas, Asakura Yoshikage ya kwashe sojojinsa ya koma gida, abin da ya sa Shingen ya rubuta masa wasiƙar zargi. Shingen ya lallasa Ieyasu a Mikatagahara a farkon 1573, amma bayan 'yan watanni ciwo ya kashe shi, rundunarsa ta juya. A wannan shekara Nobunaga ya kori Yoshiaki daga Kyoto, ya gama da Asakura da Azai. Honganji ta riƙe shekara goma, daga 1570 zuwa 1580, har jiragen Mori suka fasa ƙawanyar da aka yi mata a 1576 suka kai mata abinci, amma kowa yaƙin gabansa yake yi. Uesugi Kenshin ya doke rundunar Oda a Tedorigawa a 1577, ya mutu a 1578. A cikin wasa kuwa, gidajen da suka shekara ashirin suna yanka juna sukan ajiye gabarsu su fuskanto ka kamar uwa ɗaya ta haife su.

Babban abin da wasan ya kasa ɗauka shi ne Ieyasu. Ya ƙulla amana da Nobunaga a 1562, ya riƙe ta shekara ashirin, har ranar da Akechi Mitsuhide ya ci amanar Nobunaga a haikalin Honnoji a 1582. Ya sha kashi saboda wannan amana bai sauya ba, kuma tare suka tsaya a Nagashino a 1575 inda bindigogi suka karya baraden Takeda. Irin wannan aboki kusan ba ya yiwuwa a Shogun 2. Ga kuma abin lura: wanda ya kashe Nobunaga ba ɗaya daga cikin masu taron dangin ba ne, janar ɗinsa ne na cikin gida. Wasan yana da ma'aunin biyayyar janarori, kana iya ba su muƙami, ko ka aura musu 'yarka, ko ka umarce su su kashe kansu, amma da wuya a ji wanda wasansa ya rushe ta wannan ƙofa.

Ni a ganina, laifin taron dangi ba tsananinsa ba ne. Laifinsa shi ne yana komawa baya ya ɓata ma'anar abin da ka yi a farko. Da zarar ka san cewa kowane amini maƙiyi ne mai jiran lokaci, sai ka daina kallon aure da kyauta da garkuwa a matsayin siyasa, su koma hanyar sayen juyi biyar ko goma. Masu wasan ma sun gano wata ɓaraka: gidan da ka rusa sannan ka sake tayar da shi ya yi maka caffa bayan shelar, ba ya ɗauke da wancan baƙin jinin kamar sauran, don haka ana ƙirƙirar irinsu don a samu abokan ciniki. Dabara ce mai aiki, amma ba ta da kamshin Sengoku ko kaɗan. Da alama su kansu maƙeran sun ji koken, domin a Fall of the Samurai da ya fito a 2012, wanda ya koma zamanin yaƙin Boshin tsakanin magoya bayan sarkin Japan da na shogun, idan ƙasa ta rabu kana iya tsayawa a ɓangaren da kake, na sarki ko na shogun, kuma 'yan ɓangarenka su tsaya tare da kai. Sai in ka ce jamhuriyarka za ka kafa, sannan kowa ya taso maka.

Duk da haka akwai abin da wannan tsari ya koya mini wanda babu wani wasan yaƙi da ya taɓa sa ni yi, wato tsayawa. A karo na biyu da Shimazu, ina kallon ma'aunin nan kamar mai kallon tukunyar madara a wuta. Da ya kusa cika sai na ja birki, ana 1558. Shekara bakwai ban ci ko taku ɗaya ba. Lardi mara gadi yana gabana, ina wucewa kamar ban gani ba. Na mayar da hankali kan gonaki har rumbu ya yi rara, na gina kasuwanni a larduna masu arziki na zaunar da metsuke a cikinsu, su ne jami'an sa ido da ke ƙara yawan harajin da ake tarawa kuma suke cafke ninja. Na auna kuɗin shigata kamar babu ciniki kwata-kwata, na rage samurai na cika da ashigaru har lissafin ya tsaya da ƙafarsa. Na ajiye jirage a mashigin da ke tsakanin Kyushu da Honshu, na bar runduna guda a gida ba ta komai sai jiran baƙin da za su zo ta ruwa.

A cikin shekarun jiran ne na yi shawarar da ta fi ba ni wuya, ta 'yan Fotugal. A tarihi sun sauka a Tanegashima a 1543 da bindigar da Japanawa suka kwaikwaya cikin 'yan shekaru, kuma Francis Xavier ya sauka a Kagoshima, babban garin Shimazu, a 1549. Shimazu Takahisa, wanda shi ne daimyo ɗinka a wasan, ya karɓe shi da farko, daga baya ya hana mutanensa shiga sabon addinin. A wasa, in ka buɗe musu tashar ruwa kana samun bindiga da wuri da kuɗi mai kauri, amma Kiristanci yana yaɗuwa a lardin, jama'a su rabu, hankali ya tashi. In daimyo ya karɓi addinin gaba ɗaya, yana samun manyan jiragen Turawa masu igwa waɗanda babu jirgin Japan da ke iya tsayawa gabansu, sai dai mutuncinsa ya ragu kuma sauran gidaje su ƙara tsanarsa. Da yawa suna cewa tunda dai kowa zai tsane ka a ƙarshe, gara ka karɓi igwar. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ita kanta tana nuna yadda taron dangi ya cinye siyasar wasan. Ni dai na bi sawun Takahisa, na karɓi bindigar, na cika lardin da sufayen Buda.

A bazarar 1565 na taka layin da gangan. Majigin ya fito, takardun yaƙi suka fara zuwa, ciniki ya mutu, amma baitulmali ya ɗan sunkuya ne kawai bai faɗi ba. Rundunar da ta sauka a Hyuga ta tarar da masu jiranta. Na bar su suka yi ta zuwa suna fasa kai a ganuwata, don a wannan wasa mai hawa katanga yana shan kibiya tun daga nesa, wasu ma su zamo su faɗo, kuma duk wanda hunturu ya riska a ƙasar abokin gaba sanyi yana rage masa mutane. Bayan shekara uku manyan rundunoninsu sun ƙare, hanyar Kyoto ta buɗe.

Kama Kyoto ba ya isa, sai ka riƙe ta juyi huɗu, shekara guda cur, kafin a naɗa ka shogun, muƙamin da Nobunaga kansa bai taɓa riƙewa ba, Ieyasu kuma sai a 1603 ya same shi, shekara uku bayan nasararsa a yaƙin Sekigahara. A juyi na uku wata runduna ta ɓullo daga gabas ta yi sansani a bakin birnin. Na matsa kusa don in ga tutar. Ta gidan da na aura wa 'yata ce shekara goma sha biyu da suka wuce, kuma mijin nata ne a gaba a kan doki.